AJIYA MAGANIN WATA RANA: Mu Kwashe Hotunanmu Daga Waya Mu Kai Su Kwamfuta

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani abu da kowa ke rainawa sai ranar da ya faɗo kansa, wato hotunan nan da muke tarawa cikin wayoyinmu na hannu, da yadda za mu kwashe su mu kai su cikin kwamfuta, wadda 'yan lekwal ke ce wa ordinatair. Ni dai ba masanin na'ura ba ne. Malamin firamare ne ni, alli da allo aka koya mini a makarantar horon malamai ta Garwa. Ɗan abin da na sani a wannan fanni hasara ce ta koya mini shi, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa 'yan'uwa, ko wani ya shafa wa gemunsa ruwa tun wuta ba ta iso gare shi ba.

Daren da waya ta faɗa ruwa

Mutanen Kuseri ba za su manta da watan Oktoba na 2022 ba, lokacin da kogin Logon ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shigo unguwanni, jama'a da yawa suka bar gidajensu. Mu ma bai bar mu ba. Cikin dare muna ta kwasar kaya, ruwa ya kai gwiwa, na sunkuya zan ɗauki buhun gero, sai waya ta zame daga aljihun rigata. Kafin in lalubo ta an ɗan jima. Bayan kwana biyu na kai ta kasuwa wurin wani yaro mai gyara, tsohon ɗalibina. Ya kwance ta, ya busar, ya jona, ya jujjuya, can ya ɗago kai ya ce, "Malam, akwai katin memori a ciki?" Na ce babu. Ya ce, "To, Malam, sai haƙuri. Komai ya tafi."

Kuɗin wayar bai dame ni ba kamar abin da ke cikinta. Hotunan shekara huɗu ne: sunan autata, saukar karatun babban ɗana, dawowar yayana daga aikin hajji, da hotunan ajin da na koyar shekara bayan shekara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hotunan Inna, mahaifiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa 'yan watanni kafin ambaliyar. Akwai wanda na ɗauka ranar Ƙaramar Salla, tana zaune kan tabarma jikoki sun kewaye ta tana raba musu goron Salla. Kullum ina cewa gobe zan kai a wanke shi. Da na sani ƙeya ce.

Abin mamaki, akwatin ƙarfen Inna da muka ɗora bisa rufin ɗaki ya tsira. Da ruwa ya janye muka buɗe, sai ga hoton Baba, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a wani shagon hoto a Garwa tun shekarun 1970, yana sanye da babbar riga da hula, hannu ɗaya bisa rediyo. Hoton takarda mai shekara fiye da arba'in yana nan garau, na waya mai wata shida ya salwanta. Tun daga ranar na ƙuduri aniyar in koyi wannan abu, in kuma koya wa wasu.

Wa zai ajiye mana tarihinmu?

Wani zai ce, hoto ai hoto ne, me zai sa malami ya cika shafi a kansa? To, mu mutanen Kuseri ya kamata mu fi kowa sanin nauyinsa. Ranar 22 ga Afrilu 1900, a nan bakin kogin namu, sojojin Faransa suka gwabza da Rabeh, wanda ya ci Borno ya zauna a Dikwa. Aka kashe Rabeh, aka kuma kashe kwamandan Faransawa mai suna Lamy, wanda aka raɗa wa garin tsallaken kogi sunansa, Fort-Lamy, kafin a mai da shi Injamena a 1973. Bayan yaƙin aka ɗauki hoton kan Rabeh, kuma yau shekara fiye da 120 ke nan hoton yana yawo cikin littattafan tarihi. Waɗanda suka ɗauka suka adana, su ne ke nuna wa duniya yadda ranar ta kasance.

Kakanninmu kuwa, fatake da mahauta da wanzamai da malamai, waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu don fatauci, wasu kan hanyar Makka da ƙafa ta Borno da Kuseri da Abeshe har Sudan, suka yada zango a nan suka hayayyafa, da ƙyar za ka sami hoton ɗaya daga cikinsu. Ka tambayi matashi a Hile Hausa, ko a unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa da Ngaundare, ko Birkitiri ta Yawunde, yaya kamannin kakan babansa, sai ya yi shiru. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan. Babu wani ofis da aka ɗora wa alhakin tara hotunan bukukuwanmu da sarakunan Hausawanmu da limamanmu. In ba mu ajiye ba, ba mai ajiye mana.

Akwai darasi a wurin masu hoto na da. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun yi shekaru suna ɗaukar talakawan gari a shagunansu, kuma suka adana kilishensu, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, ba kilishin Garwa ba. Saboda wannan ajiya ce daga baya duniya ta san su, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo a bikin zane-zane na birnin Venis a 2007. A nan gida Kamaru ma, akwai Jacques Toussele, mai shagon hoto a garin Mbuda da ke yankin Yamma. A shekarun 2000 wani malamin jami'a ɗan Ingila, David Zeitlyn, tare da taimakon babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya sa aka shigar da kilishensa fiye da 40,000 cikin kwamfuta kafin gara da laima su gama da su. Irin waɗannan shaguna sun fara mutuwa ne tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka kawo sabon katin ɗan ƙasa da ake ɗaukar hotonsa nan take a ofis, sannan waya mai kyamara ta zo ta ƙarasa su. Da, mai hoto shi ne ma'ajin unguwa: in hotonka ya ɓace, ka koma wurinsa ya wanke maka wani. Yanzu wannan nauyi ya dawo wuyan kowane mai waya.

Waya ba ma'aji ba ce

An ƙera kyamara ta farko marar fim a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, wayoyi masu kyamara kuma suka fara yaɗuwa a Japan wajen shekarar 2000. Yau ko yaron da ke tallan ruwa yana da Itel ko Tecno a aljihu. Muna ɗaukar hoto a wata guda fiye da wanda iyayenmu suka ɗauka a duk rayuwarsu, amma mun fi su hasararsa, domin mun ɗauka cewa abin da ke cikin waya ajiyayye ne.

Ku duba abin da ke kewaye da waya a garinmu. Akwai ruwa, wanda ya zo a 2022 ya sake dawowa a 2024. Akwai zafin watannin Maris zuwa Mayu da ke wuce digiri 40, mai kumbura batir. Akwai ƙurar hunturu. Akwai masu fizge a kan babur, da cunkoson gadar Ngeli. Akwai kuma ranar da mutum zai fita gida da abin da ke jikinsa kawai, kamar yadda muka ga mutanen Injamena sun tsallako mana a Fabrairu 2008, mu ma wasunmu suka tsallaka can a Disamba 2021. Ko ba wannan ba, waya tana tsufa, ana sayar da ita, yaro yana iya danna abin da zai goge komai, mai gyara yana iya cewa sai an wanke ta. Abin da yake wuri ɗaya tak, a bakin rami yake.

Yadda ake kwashewa

Aikin ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar intanet ko kuɗin kiredi. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta da igiyar caja mai kyau. A lura, wasu igiyoyin araha caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar saƙo. In ka jona ka ga waya tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba, kafin ka zargi kwamfuta ka sake igiya. Tunda yawancin na'urorinmu da Faransanci suke, zan kawo kalmomin kamar yadda suke fitowa.

Da farko ka tabbata waya da kwamfuta suna da caji, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Ka jona igiyar, ka buɗe makullin wayar, domin kwamfuta ba ta ganin cikin waya a kulle. Ka jawo saman allon wayar ƙasa, za ka ga saƙo game da USB. Ka taɓa shi ka zaɓi "Transfert de fichiers". A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, domin waya takan zaɓi caji kawai da kanta.

Na biyu, a kwamfuta ka buɗe "Ce PC", za ka ga sunan wayarka. In ka shiga za ka tarar da ɗaki ɗaya ko biyu: cikin wayar kanta, da katin memori in akwai. A kowanne ka nemi folda, wadda masu Faransanci ke ce wa dosiye, mai suna DCIM. Wannan suna iri ɗaya ne a waya da kyamara ko ta wane kamfani, domin masu ƙera su sun yi yarjejeniya a kansa tun ƙarshen shekarun 1990. Cikin DCIM akwai "Camera", nan ne hotuna da bidiyon da ka ɗauka da hannunka suke. Ka leƙa "Pictures" da "Download" su ma. Hotunan da aka turo maka ta WhatsApp suna wani wuri dabam: a sababbin wayoyi ka bi "Android", sai "media", sai "com.whatsapp", har ka kai "WhatsApp Images".

Na uku, ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta, ka koma ka zaɓi hotunan, ka danna "Copier", sannan ka je sabuwar foldar ka danna "Coller". Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau: "Copier" ake dannawa, ba "Couper" ba. Na farko kwafi yake yi ya bar asali, na biyu yana cirewa daga waya yayin da yake zubawa, in igiya ta motsa ko wuta ta ɗauke sai a rasa tudun dafawa. In hotunan sun kai dubbai, a riƙa ɗiba kaɗan kaɗan, ɗari biyu ko uku a lokaci guda, domin in an yi lodi da yawa aikin yakan tsaya a hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, ka ƙirga. Ka duba adadin hotunan da ke foldar waya da na foldar kwamfuta, su zo daidai. Ka buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe ka gani da idonka. Kada ka goge komai daga waya sai ka yi wannan, kuma sai ka yi kwafi na biyu da zan yi bayani a gaba.

Mai iPhone kuma, da ya jona zai ga wayar ta tambaye shi ko ya amince da wannan kwamfuta, sai ya amsa da e. Tun 2017 waɗannan wayoyi suna ajiye hoto da wani tsari mai suna HEIC, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa buɗewa. In ya shiga saitin kyamara ya zaɓi "Le plus compatible", za ta koma ɗauka da JPEG, tsarin da kowace na'ura ta sani tun shekarun 1990.

Mai kyamara, irin masu ɗaukar biki da suna, ya fi sauƙi ya kashe ta, ya zare katin, ya sa a ramin kati na kwamfuta ko cikin ɗan abin karanta kati da ake sayarwa a kasuwa. A gefen babban katin akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa ƙasa, wanda ke kulle shi: ana iya kwasa daga ciki, ba a iya rubutawa ko gogewa. In an gama a danna "Éjecter" kafin a zare.

Tarkon WhatsApp

Bayan hasarata na bi 'yan'uwa ina tambaya ko akwai mai hoton Inna. Ƙanwata da ke aure a Garwa ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ai ka taɓa turo mini." Na yi murna, na kai wurin masu wanki na ce a yi mini babba in rataye a ɗaki. Da ya fito sai fuskar ta zama dishi-dishi kamar an shafa mata toka. Mai shagon ya ce, "Malam, wannan na WhatsApp ne, ba ya jure girma."

Ga dalili. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai mega biyu zuwa biyar. In aka tura shi ta hanyar da muka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage nauyinsa sosai don ya tafi da sauri. A kan allon waya ba a ganin bambanci, sai an zo wankewa. Bugu da ƙari, cikin kowane hoto na asali akwai ɓoyayyen rubutu da ke faɗin rana da sa'ar da aka ɗauke shi da irin wayar, to wannan ma yana gogewa. Ana gane su ta suna: wanda ya bi ta can za ka ga haruffan WA a cikin sunansa, kuma kwanan watan da ke jiki na ranar da aka karɓa ne, ba ranar da aka ɗauka ba. Tun 2023 sun ƙara wani maɓalli mai suna HD da ke rage ɓarnar, amma wanda ke son hoto ya isa kamar yadda yake, ya tura shi a matsayin "Document". Haka Facebook ma yana matse hoto, ga shi in aka sace shafinka ko ka manta kalmar sirri, shi ke nan. Tura wa dangi hoto zumunci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin kwashewa da igiya.

Wanda ba shi da kwamfuta

Na sani ba kowane gida ke da kwamfuta ba. Amma da wuya a rasa ta cikin dangi: ɗalibin jami'ar Marwa ko Ngaundare da ke zuwa hutu, ko ma'aikaci, ko ɗan kasuwa. In babu, sai siba, inda ake buga takardu. A nan sai an yi hattara da abu biyu.

Na ɗaya, cutar kwamfuta. Akwai wata da ta zama ruwan dare a irin waɗannan wurare, wadda ke shiga kati ko kile, wato abin da 'yan Nijeriya ke ce wa filas, ta ɓoye foldoji ta bar wasu alamu masu ɗan kibiya da ake kira "raccourci". Mutum ya buɗe ya ga wayam, hankalinsa ya tashi, wani ya ba shi shawarar ya wanke katin. Kada ka yarda. Sau da yawa hotunan suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma wanda ya san aiki zai fito da su cikin 'yan mintoci. Haka in kwamfuta ta ce "Formater", ka ce a'a ka zare. Ko da kuskure ka goge hotuna daga kati, ka daina amfani da shi nan take, domin akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec da ke iya dawo da su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Na cikin wayar kanta ne ke da wuyar dawowa.

Na biyu, amana. Cikin wayoyinmu akwai hotunan matanmu da 'ya'yanmu mata a cikin gida, akwai na takardunmu. Kada ka miƙa waya ka tafi salla ka dawo. Ka zauna a yi a gabanka, a zuba kai tsaye cikin kile ɗinka, in an ajiye wani abu a kwamfutar shagon a goge shi, a kuma zubar da kwandon shara da ake kira "Corbeille". Hoton da ya fita hannu ba ya dawowa, kuma mun sha jin gidajen da irin wannan ya jefa cikin baƙin ciki.

Wajen sayen kati ko kile kuma, araha ba ta ado. Akwai na jabu da aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsa bai kai kwata ba. Zai yi ta karɓa kamar gaske, sai ranar da ka buɗe ka tarar hotunan sun lalace. Ka saya wurin wanda ka sani, ka cika shi da kaya ka gwada buɗe su kafin ka damƙa masa abin da kake ji da shi.

A sa wa kowane hoto suna

Mu malamai mun san rajistar da ba suna ba ta da amfani. Hotuna dubu biyar da aka jibge wuri ɗaya, kowanne da lamba, kamar kasuwa ce ba rumfuna. Tsarin da nake bi shi ne folda guda ga kowace shekara, cikinta kuma kowane taro da tasa, a fara da shekara da wata: "2023-06 Babbar Salla Kuseri", "2024-01 Auren ƙanena Garwa". In aka fara da lamba haka, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. A zubar da na banza, irin gaisuwar Juma'a da ake turowa da hoto goma na abu ɗaya, a bar masu kyau.

Muhimman hotuna kuma a rubuta sunayen waɗanda ke ciki. Yau kowa ya san wannan Goggo ce, wancan Kawu ne. Bayan shekara talatin fa? Cikin akwatin Inna mun sami wani hoto na maza biyar tsaye gaban wata babbar mota. Baba kaɗai muka gane. Na kai wa wani dattijo abokinsa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, da ka zo shekara biyar da suka wuce, da mai sanin su yana raye." Saboda haka wanda ke da tsoho a gida ya zauna da shi yanzu, da hoto a hannu da alƙalami.

Kada a manta da folda ta takardu: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, na fili da na aure. Duk malamin da ya taɓa shirya yara jarrabawar CEP a yankin nan ya san yadda rashin takardar haihuwa ke tsayar da yaro. Hoto ba ya zama madadin takarda a gaban hukuma, amma in ruwa ko gobara ta ci ta asali, lambar takardar da ranar da aka yi ta da sunan ofishin da ya bayar suna sauƙaƙa neman wata.

Wuri ɗaya ba ya isa

Kwamfuta ma na'ura ce, tana mutuwa, ana sace ta. Masana wannan fanni suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Nawa ɗaya yana cikin kwamfuta, ɗaya cikin faifan ajiya na waje da nake naɗewa a leda in sa a sama, na uku yana Garwa wurin ƙanwata, ina sabunta shi duk lokacin da na je hutu. Ruwan da ya ci Kuseri ba lalle ya ci Garwa a rana ɗaya ba. A sani kuma kati da kile ba a yi su don ajiyar shekaru ba. In aka jefa su a aljihun tebur cikin zafin nan namu aka manta, abin da ke ciki yana iya lalacewa. A riƙa jona su ana dubawa ko sau ɗaya a shekara, in sun tsufa a sake sababbi.

Akwai kuma ajiya ta intanet. Google yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, wanda wasiƙu da hotuna ke rabawa, Apple kuma giga 5. Da can Google Photos yana karɓar hotuna ba iyaka, amma ya daina tun 1 ga Yuni 2021, kuma kamfanin ya sanar cewa asusun da aka bari shekara biyu ba a taɓa ba ana iya rufe shi. Hanya ce mai kyau ga zaɓaɓɓun hotuna, sai dai tana cin kiredi, kuma da yawanmu mai shago ne ya buɗe mana asusun ranar da muka sayi waya, ba mu ma san kalmar sirrin ba. Wanda zai bi ta nan ya rubuta adireshin da kalmar a takarda, ya ajiye inda iyalinsa za su samu bayan ransa.

Tsofaffin hotunan takarda su ma a shigar da su. In akwai na'urar sikana, a ce a ɗauka da lamba 600 don ƙananan hotuna su fito sosai. In babu, a shimfiɗa hoton a inuwa da hantsi, a kashe fitilar waya, a riƙe ta daidai bisa kansa a ɗauka. Kada a kai tsohon hoto a manne shi cikin roba da zafi kamar katin makaranta, domin ba ya ɓaruwa kuma yana iya ɓata shi. A bayansa a yi rubutu da fensir, biro yana huda takarda yana kuma zuba. Daga ƙarshe, kowace shekara a zaɓi hoto goma ko ashirin a kai a wanke su a sa a albam. Hoton Baba ya nuna mini takarda ba ta bukatar caji.

Shawara ga jama'armu

Ina ba da shawara kowane gida ya naɗa mutum ɗaya, namiji ko mace, mai riƙon amana, ya zama ma'ajin hotuna. A sa lokaci sananne, misali mako guda bayan kowace Salla, kowa ya kawo wayarsa a kwashe, har da ta iyaye mata, domin su ne suka fi ɗaukar yara da bukukuwa, su ne kuma aka fi mantawa da wayoyinsu. Ƙungiyoyinmu na Hausawa a Kuseri da Garwa da Marwa su ma za su iya sayen faifai guda su tara hotunan naɗin sarauta da na dattawa da na tsofaffin masallatai, da izinin masu su, a rubuta suna da shekara. 'Yan'uwana malamai kuma, inda makaranta ke da kwamfuta, darasi ɗaya ya isa a nuna wa manyan ɗalibai yadda ake yi, su je su yi wa iyayensu.

Autata ba ta yi wayo da kakarta ba. Kwanan baya ta tsaya gaban hoton nan mai dishi-dishi da na rataye, ta ce, "Baba, Inna fara ce ko baƙa?" Na yi mata bayani iyakar iyawata, amma gani ya kori ji. Mai karatu, in ka ajiye wannan mujalla, ka duba wayarka ka ga shekara nawa ke cikinta, ka nemi igiya tun damina ba ta kawo kai ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye mu da hasara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.